Bayan saki: abin da ake karɓar miki da abin da ba a karɓa

Matar da aka saka takan ɓata watanni tana fama da abin da ba ya hannunta: dangin miji sun daina amsa gaisuwa, ƙawa ta koma bayansa, maƙwabta na cewa ita ce ba ta iya zama ba. Babu alƙalin da zai tilasta wa uwar miji ta sakar miki fuska. Don haka ki raba damuwarki gida biyu.

Na farko haƙƙi ne, shi ake bi. Ki karɓi takardar saki mai kwanan wata da adadin sakin, domin daga ranar ake lissafin idda: tsarki uku a mazhabar Malikiyya, wata uku ga wadda ba ta haila, mai ciki kuwa sai ta haihu. In sakin kome ne, wato wanda miji zai iya mayar da ke kafin idda ta cika, ci da wurin zama suna kansa har idda ta cika. Riƙon yara naki ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare, ciyarwa kuma tana kan uba. In kika sake aure, riƙon yakan koma hannun mahaifiyarki. In ya ƙi sauke nauyi, waliyyinki ya fara yi masa magana, sai Hisba inda ake da ita, sannan kotun shari'a. Ki adana rasit na makaranta da asibiti.

Na biyu bakin mutane ne, kuma nan aka fi zubar da mutunci. Ki tanadi amsa guda ga masu tambaya: "Zama ne ya ƙare, Allah ya sa haka ne alheri." Duk abin da kika ƙara, da ƙari zai isa kunnensa. Mai kawo miki abin da aka ce, ki ce mata, "Yaya, don Allah a bar maganar," domin mai kawowa ita ce mai kaiwa. Habaici a WhatsApp kuwa, ko da aya aka yi shi, kowa ya san da wa ake. Ki daina leƙen shafinsa. Zancen yara ya bi hanya ɗaya, saƙon rubutu ko bakin yayanki.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cakuɗa biyun: hana uba ganin 'ya'yansa don danginsa sun wulaƙanta ki, ko yafe kuɗin ciyarwa don a ce kina da kirki. Ba za su faɗa ba, yaran kuma su ke kwana a ciki.

In rashin barci da ƙin abinci suka wuce mako biyu, ki ga likita.