Yadda Ake Tsara Ziyarar Walt Disney World Idan An Rage Lokacin Buɗewa

A watan Satumba na 2020, wata biyu bayan an sake buɗe Walt Disney World, babban wurin shaƙatawa na kamfanin Disney da ke kusa da Orlando a jihar Florida ta Amurka, kamfanin ya rage sa'o'in aikin filayen wasansa huɗu saboda ƙarancin baƙi a lokacin annobar korona. Daga cikinsu, Magic Kingdom ya koma rufewa da ƙarfe 6 na yamma maimakon 7, EPCOT da ƙarfe 7 maimakon 9, Animal Kingdom kuma da ƙarfe 5. Annobar ta lafa, amma har yanzu lokacin buɗewa da rufewa yana sauyawa daga rana zuwa rana, kuma tikitin shiga na yini ne, ba a lissafa shi da sa'a. Saboda haka wanda ya biya kuɗin iyali guda, ya kuma tarar da gajeren yini, dabara ce kawai za ta fanshe masa kuɗinsa.

Aikin yana farawa tun kafin a sayi tikiti. Sai a duba jadawalin kowane fili a shafin kamfanin ko a manhajar My Disney Experience, sannan a sake dubawa ana jibi tafiya, domin akan ƙara lokaci ko a sauya shi idan ranar ta matso. Abin da ya fi kama baƙi ba shiri shi ne dararen bukukuwa na musamman. Daga Agusta zuwa ƙarshen Oktoba, da kuma Nuwamba zuwa Disamba, akwai ranakun da Magic Kingdom yake sallamar masu tikitin yau da kullum da ƙarfe 6 na yamma, domin a bar wurin ga waɗanda suka sayi tikitin bikin dare daban. Wanda ya je a irin wannan rana ba zai ga wasan tartsatsin wuta na dare daga cikin filin ba, kuma ga yara da yawa wannan shi ne ƙashin bayan tafiyar. Sai dai ranakun suna da nasu alherin, domin cunkoso yakan ragu da rana.

Safiya ita ce dukiyar gajeren yini, kuma a nan ne ya kamata a fi tsananta wa kai. Lokacin da aka rubuta a jadawali lokacin fara wasanni ne, don haka mai son cin moriyarsa ya kasance a bakin ƙofa da kamar sa'a guda kafin nan. A Magic Kingdom wannan yana buƙatar ƙarin lissafi, saboda mai mota ba ya ajiye ta a ƙofar filin: yana barin ta a wani babban wurin ajiye motoci da ke ƙetaren tafki, ya bi layin binciken jakunkuna, sannan ya hau jirgin ruwa ko jirgin ƙasa mai tafiya a kan dogo ɗaya. Masu kwana a otal-otal na Disney ana barin su shiga minti 30 kafin sauran jama'a. Da an shiga, a nufi abin hawan da layinsa ya fi tsawo da rana, irin su Space Mountain, a bar ɗaukar hoto a gaban fadar da ke tsakiyar filin da leƙen shaguna sai daga baya. A Animal Kingdom, wanda galibi shi ne ke riga sauran rufewa, a fara da Kilimanjaro Safaris, yawon kallon namun daji a mota, tun da sanyin safiya, lokacin da dabbobi suka fi kai-komo.

Abinci kada ya cinye tsakar rana. A yi oda ta manhaja, a ci kafin ƙarfe 11 da rabi ko bayan ƙarfe 2, ko kuma a shigo da guzuri, tunda an yarda da hakan. Ga musulmi matafiyi, sauƙin haɗa Azahar da La'asar yana taimakawa ƙwarai a yini irin wannan. A lokacin zafi kuma a tuna cewa hadari da tsawa sukan taso a Florida da rana tsaka zuwa la'asar, su sa a dakatar da abubuwan hawa na waje, don haka a ajiye wasannin cikin gini domin wannan lokacin. Komawa otal a huta da rana, wanda yake da kyau idan filin zai kai ƙarfe 11 na dare, asara ce idan za a rufe da ƙarfe 6.

Sa'ar ƙarshe tana da daraja kusan kamar ta farko. Bisa al'adar wurin, duk wanda ya shiga layi kafin lokacin rufewa ana barin sa ya hau, ko da layin zai ɗauke shi har bayan an rufe, saboda haka a ajiye babban abin hawa guda a shiga layinsa ana saura minti biyar. Shagunan Main Street, babban titin shiga Magic Kingdom, sukan ci gaba da ciniki na ɗan lokaci bayan an tsayar da wasanni, kuma a nan ne ya dace a sayi tsaraba. Mai tikitin Park Hopper, na shiga fili fiye da ɗaya a yini guda, yana iya wucewa EPCOT, wanda yawanci yakan kai ƙarfe 9, wanda ba shi da shi kuma ya tafi Disney Springs, unguwar shaguna da gidajen abinci ta kamfanin, ya ci abincin dare, domin shiga can ba ya buƙatar tikiti.