Yadda ake yi wa mai farfaɗiya tausa ba tare da jawo matsala ba

Tausa ba ta warkar da farfaɗiya, kuma ba ta maye gurbin ƙwayoyin da likita ya rubuta, irin su phenobarbital ko carbamazepine. Amfaninta shi ne ta saki jiki, ta rage damuwa, ta taimaka wa barci, domin gajiya da rashin barci suna cikin abubuwan da suka fi tayar da ciwon. Saboda haka, kafin a fara, a gaya wa likitan da ke duba majinyacin, ko a asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi ko a ƙaramin asibitin unguwa.

Inda aka fi yin kuskure a gidajenmu na Aboabo da Asawase shi ne wajen zaɓar mai. Mun saba idan jiki ya yi tsami sai a ɗauko man zafi a murza, alhali yawancin irin waɗannan mayukan suna ɗauke da kafur da man itacen turare (eucalyptus), waɗanda aka san suna iya tayar da farfaɗiya, musamman ga yara ƙanana. Mai sayarwa ba zai faɗa maka wannan ba, domin shi ma galibi bai sani ba. A karanta abin da ke rubuce jikin kwalba, kuma duk man da ƙamshinsa ke hawa kai a ajiye shi gefe. Man kaɗanya zalla, wanda ake kawowa daga arewacin Ghana ana sayarwa a kasuwar Kejetia, ya wadatar, haka ma man kwakwa.

A shimfiɗa katifa a ƙasa maimakon gado mai tudu, nesa da murhun gawayi da bokitin ruwa. A tambayi majinyacin ko ya sha maganinsa yau, da kuma alamar da yakan ji kafin ciwon ya zo masa. A fara da kafaɗu da baya da tafin ƙafa, da hannu mai sauƙi, ba tare da danna wuya ba, kuma kada a tsawaita zaman farko. In yana zazzaɓi, a ɗaga sai wata rana.

Idan ciwon ya tashi ana cikin tausa, a tsaya nan take, a sa masa abu mai laushi ƙarƙashin kai, a duba agogo. Kada a danne shi, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, domin zai iya shaƙewa. Kada kuma a gudu don tsoron yawunsa, farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta haka. Da zarar jijjigar ta lafa, a kwantar da shi a gefensa, a zauna tare da shi har ya farfaɗo. Idan ta wuce minti 5, ko ta dawo kafin ya dawo hayyacinsa, a kira 112 domin motar asibiti.