Yadda Ake Shirya wa Allurar Gaɓa Domin Sauƙin Amosanin Gaɓɓai

Idan ciwon gwiwa ya kai ga mutum ba ya iya zaman tahiya, har sai an ajiye masa kujera a gefen sahu, kuma ƙwayoyi da man shafawa sun daina tasiri, likitan ƙashi yakan ba da shawarar yin allura a cikin gaɓar kanta. Maganin da aka fi sa wa shi ne sitiroyid mai sauke kumburi, galibi a haɗe da maganin kashe zafi.

A nan Zariya, ana samun likitocin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Majinyaci ya tafi da hoton ƙashinsa, ya kuma zuba dukkan magungunan da yake sha a leda ya nuna wa likita. Wajibi ne ya faɗi idan yana da ciwon suga, ko sikila, ko yana shan maganin tsinka jini, ko kuma akwai gyambo kusa da gaɓar, domin kowanne daga cikinsu yana iya sa a ɗage allurar ko a canza shawara.

Aikin kansa mintuna kaɗan ne. Ana goge fatar da aidin, idan gwiwar ta tara ruwa a fara zuƙe shi da sirinji, sannan a tura maganin.

Bayan an koma gida, a hutar da gaɓar na kwana 2, ban da ɗaukar kaya ko doguwar tafiya. Ciwon yakan ɗan ƙaru a daren farko, kuma ƙanƙara a naɗe cikin tawul tana taimakawa. Mai ciwon suga ya riƙa aunawa kullum na kimanin mako guda, saboda sitiroyid yana ɗaga suga. Amma idan zazzaɓi ya biyo baya, gaɓar ta ɗau zafi tana ƙara kumbura, a koma asibiti ranar, ko da dare ne, domin alamar ƙwayar cuta ce.

Abin da ya fi damuna shi ne masu zuwa kemis a soka musu wannan allura. Ƙwayar cuta idan ta shiga gaɓa tana iya lalata ta cikin 'yan kwanaki. Ko a asibiti ma, ana barin aƙalla wata 3 tsakanin allura da allura, domin yawanta ta yana raunana guringuntsi. Sauƙin da take kawowa na makonni ne zuwa 'yan watanni, kuma a wannan tsakanin ya kamata a fara motsa jikin da ke ƙarfafa naman cinya a hannun ƙwararren likitan gashin ƙashi.