Darasi na 9: Ledar da aka ce tana ruɓewa

Kowa ya san halin baƙar leda. Iska ta rataye ta a ƙaya, ta toshe kwata da damina, akuya ta haɗiye ta ta yi ta ramewa. Shi ya sa aka soma ƙera wata leda daga sitacin masara ko rogo, aka ce ƙasa na cinye ta. To, wa ya tabbatar? Ai mai kaya ba ya kushe kayansa.

Turai na da ma'aunin gwada irin wannan leda mai suna EN 13432 tun shekarar 2000. Na Amurka shi ne ASTM D6400. A gwajin Turai, ana cusa ledar cikin taki mai ruɓa. Bayan mako 12 sai a tankaɗe takin da rariya mai ƙofofin milimita 2, kamar yadda ake tankaɗe gari. Abin da ya tsaya a kan rariya kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Amma dagargajewa daban, ruɓewa daban. Don haka ana jira wata 6 a ga ƙananan halittun cikin taki sun cinye kashi 90 cikin 100 na ledar, sun mai da ita iska irin wadda muke fitarwa in mun numfasa. Ana kuma auna guba irin su dalma, sannan a shuka iri a takin a ga ko zai tsiro lafiya.

Ga inda gizo ke saƙa: gwajin nan a zafin digiri 58 ake yinsa, zafin masana'antar taki. Jujin bayan gida ba kasafai yake riƙe wannan zafi ba. Ledar da ta dace da takin gida hatimin shaidar da ake buga mata daban ne, "OK compost HOME" na kamfanin TÜV Austria, kuma wata 12 ake ba ta ta ruɓe.

A wani bincike da aka wallafa a 2019, masu bincike a Jami'ar Plymouth ta Ingila sun tono ledar da aka rubuta wa "mai ruɓewa" bayan shekara 3 a ƙasa. Suka zuba mata kayan cefane, ta ɗauka ba ta yage ba.

Aiki: Ku zo da leda ɗaya gobe. Ku duba jikinta, akwai hatimi ko lambar ma'auni? Ku rubuta abin da kuka gani a littafinku.