Idan akwai mai shaye-shaye a dangi: yadda za a tsare yaro

Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna kusan rabin haɗarin kamuwa da jarabar giya gado ne. Sai dai gadon nan kamar irin gero ne a rumbu, ba ya tsira sai ya samu laima. A ƙasar Finlan an bibiyi tagwaye matasa, aka tarar gadon ya fi yin tasiri a birni fiye da ƙauye, haka kuma in abokan yaro masu sha ne.

Ku fara da duba dangi, na uwa da na uba. In akwai kaka, kawu ko baffa da abin ya taɓa kamawa, yaronku na buƙatar ƙarin ido tun yana shekara 12. A ƙauyukan Kano da Jigawa giya ba ta fili ba ce, abin da ya fi kusa da hannu shi ne tiramol, wiwi, sholisho da maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da shi a 2018.

Babban aikin shi ne jinkirta ɗanɗanon farko. A Amurka an gano wanda ya fara shan giya kafin shekara 15 ya ninka wanda bai fara ba sai da ya kai 21 kusan sau huɗu wajen kamuwa, ga shi ƙwaƙwalwa ba ta gama nuna sai wajen shekara 25.

Inda aka fi yin sake shi ne ci-rani. An gama girbi, yaro ya tafi birni tura baro ko dako, ga kuɗi a aljihu, ba mai tambayarsa inda ya kwana, sai wani ya miƙa masa ƙwaya wai don ƙarfin aiki. Kada ku sake shi sai a hannun babba da kuka sani, ku riƙa kiransa da daddare, kuɗinsa kuma a zuba a adashi ko a saya masa tunkiya. A gida, ku san majalisar da yake zama bayan isha'i.

In kun ga barci da rana, jan ido, nauyin baki ko hatsi na raguwa a rumbu, ku keɓe shi ku yi magana. Duka a gaban jama'a ƙara tura shi wajen abokan yake yi. Wanda ya riga ya kamu kuwa, kada a ɗaure shi a ɗaki: yanke giya farat ɗaya na iya kawo makyarkyata da jijjiga cikin kwana biyu. A kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Kazaure.