Yadda za ka nuna ma yara kromozom da albasar Galmi

Malamai ƴan uwa masu koyar da SVT, wato kimiyyar rayuwa da ƙasa, yaranmu na haddace mitoz, wato rabuwar ƙwayar halitta gida biyu, saboda jarabawar bak amma da yawansu ba su taɓa ganin kromozom, wato dunƙulen zaren DNA mai ɗauke da gado, da idonsu ba, abin na damuna wallahi, alhali ga albasa nan jibge a kasuwar Tawa.

Ka samu albasa mai lafiya ka ɗora ta bisa bakin kofin shayi, gindinta kawai zai taɓa ruwa, kwana 3 ko 4 za ka ga saiwa farare sun fito. Ka yanke ƙarshen saiwar da reza, kamar milimita 2, nan ne ƙwayoyin halitta ke rabuwa. Ka jiƙa shi cikin asid kloridrik da aka sirka, minti 5 ya yi laushi, kuma don Allah asid ɗin kai ka riƙe shi kar ka ba yara. Sai ka ɗauraye, ka ɗora shi bisa lam, wato gilashin mikroskop, ka ɗiga ruwan rini, orseyin ko karmin, ka rufe da lamel, siririn gilashin rufi, ka danna da babban yatsa, dannawa kawai ban da murzawa, in ka murza ka ɓata aikin. Sai mikroskop, ninki 400.

Albasa kromozom 16 gare ta, kuma DNA ɗinta ya kai kusan biyar ɗin namu, shi ya sa suke fitowa manya-manya.

To idan yaro ya tambaye ka mi ya sa zaren ya dunƙule haka, ka ɗauko igiyar guga. Kondensin, wani gungun furotin, shi ke naɗe DNA madauki bayan madauki kamar yadda mai ban ruwa ke naɗe igiya a hannu, har dogon zare ya koma gajere mai kauri. Shi kuma kohesin zobe ne, tun lokacin da aka kwafi DNA yake riƙe da tagwayen zaren kar su ɓace ma juna. Ka zura igiya biyu cikin zoben roba, yara biyu su ja kowa gefensa, ba za su rabu ba. Ka sa almakashi ka yanke robar, aikin separaz ke nan, furotin ɗin da ke yanke kohesin, anafaz ta fara, wato lokacin da tagwayen zaren ke rabuwa.

Daga nan ka mai da su bakin mikroskop kowa ya nemo ƙwayar da zarenta ya kasu gida biyu. Ba su da yawa cikin lam ɗaya, ka ba su lokaci.