Kwana biyu a Bauchi: Gidan Madaki da abincin da za a nema

Mai fitowa daga Gombe ya kama hanya da sassafe. Tafiyar kusan kilomita 150 ce ta Alkaleri, kafin hantsi ya yi zafi an shiga Bauchi. A fara da kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, firayim ministan da aka kashe a Janairun 1966, sannan a wuce ƙofar fada. Washegari a bar wa Kafin Madaki ita kaɗai.

Kafin Madaki ce hedikwatar ƙaramar hukumar Ganjuwa, kilomita 45 ko kusa da haka arewa da Bauchi, a kan titin Ningi. A can Gidan Madaki yake, ginin ƙasa da Muhammadu Durugu, Babban Gwani, ya yi wajajen 1860. Shi ne ya gina masallacin Juma'a na Zariya. Tun 1956 gidan ke cikin kayan tarihi na ƙasa.

Kada a faɗa kai tsaye da waya a hannu. Gidan sarauta ne, a yi sallama, a gaida dattawan da ke ƙofa, a faɗi daga inda aka zo, a nemi wanda zai yi rakiya. A cire takalmi inda aka ga an cire, kuma a tambaya kafin ɗaukar hoto. Ɗan goro ga mai rakiya ya dace.

Da an shiga, a tsaya minti biyu ido ya saba da duhu, don mai gaggawa bango kawai zai gani ya fita. Gwanintar tana sama. A haska fitila a bi bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufi, daga gindinsa har inda ya haɗu da 'yan'uwansa a tsakiyar rufi. A cikin kowanne akwai azara, wato faskararren itacen giginya da gara ba ta cika ci ba, an jera ta gaɓa-gaɓa ana ɗaurewa, aka lulluɓe da ƙasa. Haka aka samu ɗaki mai faɗi ba ƙarfe ba siminti. A lura da kaurin bango da sanyin ciki ko da rana tsaka. Kada a jingina, kada yara su ƙwaƙuli bango. Ɗan ramin da aka yi ne ruwan damina ke bi ya zubar da gini. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi daɗin zuwa.

Batun ciki kuwa, masar Bauchi da safe ake nemanta, a bakin tanda, da miyar taushe ko yajin ƙuli. Idan ta huce takan yi tauri, tsaminta ya fito, don haka kada a saya da yawa da niyyar guzuri.

Abincin kudu a bar shi sai dare. A unguwar Yelwa, wajen jami'a, ana samun sakwara da miyar agushi, da amala da ewedu. Sakwara na saukar da kasala, direba kada ya ci ta da rana. A tambayi irin naman da wanda ya yanka. Wanda bai saba da manja da attaruhu ba ya ce a zuba masa miya a kwano daban, ya fara da malmala ɗaya.